Mene ne litograf? Hotunan mawaƙan opera da aka buga daga dutse

Litograf hoto ne da aka zana a kan dutse, aka buga a takarda ba tare da an sassaƙa dutsen ba. Alois Senefelder ne ya gano dabarar a birnin Munich a 1796. Saurinta da araharta suka sa hotunan mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, suka cika shagunan Paris da Landan da Vienna a ƙarni na 19.

Tushen aikin shi ne maiƙo da ruwa ba sa jituwa. Ana ɗauko farin dutsen Solnhofen na Jamus, a goge fuskarsa da yashi da ruwa har ta yi ɗan kaushi. Mai zane ya zana da alli mai maiƙo, haɗin kakin zuma da sabulu da kitse da kunkunniya, kuma a juye yake zanawa, don hagu za ta koma dama a takarda. Sai a shafe dutsen da ƙaro, irin wanda ake sa wa tawadar allo, da ɗigon asid na nitrik. In an jiƙa dutsen aka mirgina tawada mai mai, zanen kaɗai take kamawa. Daga nan a ɗora takarda a matse.

Awon asid ne wurin tuntuɓe. In ya yi yawa ya cinye siraran inuwar fuska, in ya yi kaɗan tawada ta mamaye farin fili. Ko yatsa aka ɗora a kan dutsen, shatinsa zai fito a bugu.

A cikin hotunan, kayan da mawaƙi ya riƙe su ke nuna wanda ya fito a matsayinsa cikin tatsuniyoyin Girkawa. Molon hannu alamar Orpheus ce, rawar da mawaƙiya Pauline Viardot ta taka a Paris a 1859, ko da yake mace ce. Mawaƙiya Giuditta Pasta kuwa da rawar Medea aka san ta a Landan.

Mai saye ya duba da gilashin ƙara girma: litograf na alli ɗigo-ɗigo yake, zanen da aka sassaƙa a farantin tagulla kuwa layuka ne masu kaifi, da gurbin faranti a gefen takarda. A ƙasan hoton, "del." na nuna mai zane, "lith." wanda ya ɗora a dutse, "imp." maɗaba'a. Jajayen ɗigo a takarda yawanci aikin danshi ne.