Fom ɗin W-8BEN

W-8BEN fom ne na hukumar tattara haraji ta Amurka, IRS, wanda mutumin da ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba yake cikewa idan ya buɗe asusu a bankin ƙasar, ko ya sayi hannun jari a kasuwarta, ko ana biyan shi kuɗi daga can. Ba a biyan haraji da shi. Shaida ce kawai cewa mai asusun baƙo ne, kuma ba hukumar ake aika wa ba. Bankin ko kamfanin da ke biyan kuɗin ne yake karɓa ya ajiye. Kamfanoni suna da nasu, W-8BEN-E, 'yan Amurka kuwa W-9 suke cikewa.

A dokar Amurka ana cire kashi 30 cikin ɗari daga kuɗin da baƙo ya samu a ƙasar ta hanyar ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari, kuɗin haya ko ladan mallakar fasaha, tun kafin ya shiga hannunsa. Idan ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka, a fom ɗin ne yake neman sassauci. Mazaunin Birtaniya, alal misali, kashi 15 ake cire masa a ribar hannun jari. Ba kowace ƙasa ce ke da wannan yarjejeniya ba. A Afirka akwai Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Kuɗin ruwan ajiyar banki kuwa ba a cire wa baƙo haraji a kai, muddin ba shi da alaƙa da wata sana'a da yake yi a cikin Amurka. Amma sai ya nuna shi baƙo ne. In babu fom, banki na iya ɗaukar shi a matsayin ɗan ƙasar da bai ba da lambar harajinsa ba, ya riƙe kashi 24. Tun daga 2013 bankuna suna sanar da IRS kuɗin ruwan da suka biya mazauna wasu ƙasashe, a fom 1042-S.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wanene baƙo. A nan fasfo kaɗai ba ya yanke hukunci. Duk mai katin zama na dindindin mazauni ne. Haka ma wanda ya yi aƙalla kwana 31 a Amurka a shekarar da ake ciki, idan jimillar kwanakinsa ta kai 183 da wannan lissafi: a ƙirga kwanakin bana duka, a ƙara ɗaya bisa uku na bara, da ɗaya bisa shida na shekarar da ta gabace ta. Mai zuwa kwana 120 kowace shekara yana da 120 da 40 da 20, wato 180, ya tsira da ƙyar. Wanda kuma ya samu zama ɗan Amurka ta haihuwa ba zai cike W-8BEN ba, ko da tun yana goye aka fita da shi, domin Amurka tana bin 'yan ƙasarta da haraji duk inda suke.

Shafi ɗaya ne fom ɗin: suna, ƙasa, adireshin zama na dindindin (ba a karɓar akwatin gidan waya), ranar haihuwa, da lambar harajin ƙasar da mutum yake. Sa hannu a kansa kamar rantsuwa ce, ƙarya a ciki laifi ne. Yana aiki har ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar da aka sa hannu, don haka na watan Yunin 2024 zai ƙare ranar 31 ga Disamban 2027. Idan hali ya sauya, kamar ƙaura zuwa wata ƙasa, dole a sanar cikin kwana 30. Wanda aka cire wa fiye da kima yana iya neman a mayar masa ta fom 1040-NR, sai dai hanya ce mai tsawo, sabunta fom a kan lokaci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Dokar FATCA ta 2010, wadda ta fara aiki a Yulin 2014, ta tilasta wa bankunan ƙetare su gano 'yan Amurka cikin masu hulɗa da su. Shi ya sa banki a Dubai ko Landan zai iya miƙa wa mutum W-8BEN alhali bai taɓa taka Amurka ba. Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, OECD, ta fito da nata tsarin musayar bayanan asusu, CRS, a 2014, aka fara musaya a 2017, ƙasashe fiye da ɗari suka shiga. Amurka ba ta cikinsu.