Gurbi da "Cike Gurbi": Abin da Ba a Fayyace wa Masu Sauraro Ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoban 2025, ana busa usur ɗin tashi a Uyo, Najeriya ta zura wa Benin ƙwallo huɗu ba ko ɗaya a wasan neman zuwa Kofin Duniya na 2026, sai na ji wani mai sharhin wasanni a rediyo ya ɗaga murya yana cewa Super Eagles "ta samu gurbi". Bai ƙara bayani ba, ya shiga yi wa Osimhen kirari saboda ukun da ya ci. Washegari a teburin mai shayin unguwarmu, wani dattijo da ba ya zuwa gidan kallo, rediyo kawai yake bi, ya dube ni fuska a sake ya ce, "To ɗana, sai Amurka ke nan?" Na ce, "Baba, ai da sauran rina a kaba." Ya ce shi dai da kunnensa ya ji an ce an samu gurbi. Kuma gaskiyarsa, haka aka faɗa masa.

Tun daga ranar kalmar ta cika gari. Wannan ya ce neman gurbi, wancan ya ce cike gurbi, wani share fage, wani tikiti, duk a kan wasa ɗaya, kamar kowace za a iya aikenta a madadin 'yar'uwarta. Ba sai na tsaya bayanin cewa kowace nahiya kan tace ƙasashenta kafin a je Kofin Duniya ba, yaron da ke buga ƙwallon leda a layi ma ya san wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake wasa da kalmar da ke da nauyi, har a sa dattijo murnar abin da bai samu ba.

Gurbi tun asali ba kalmar ofis ba ce. Ɗan kwarmin nan ne da kaza kan tona a lungun gida ta kwanta ta yi ƙwai. Masu dara idan sun zauna a gindin bishiya, ramukan da suke haƙawa a rairayi suna jera 'ya'yan dara a ciki, gurabe ne. Kwarmin da ido ke zaune a ciki shi ne gurbin ido. In ka dube su duka za ka ga abu biyu ya haɗa su. Gurbi yana nan tun kafin mai shi ya zo, yana kuma nan bayan ya tashi, shi ya sa muke cewa wane ya maye gurbin mahaifinsa. Sannan gurbi ba ya cin biyu: idan ɗan darar abokin wasanka ya riga naka faɗawa rami, sai dai ka nemi wani ramin. Daga nan aka samo guraben karatu da guraben aiki, kuma duk wanda ya taɓa nema wa ɗansa jami'a ya san a ƙirge suke, ba a ƙara ko ɗaya don wani ya yi ƙoƙari. Wanda ya fara ɗauko wannan kalma ya kawo ta fagen ƙwallo ya iya Hausa. Ta fi "tikiti" nesa ba kusa ba, domin tikiti abin saye ne, mai kuɗi ke yanka, gurbi kuwa sai ka ture wani kafin ka zauna.

To gurabe nawa ne? A gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meksiko, 48 ne. Turai na da 16, Afirka 9, Asiya 8, Kudancin Amurka 6, Arewacin Amurka da tsakiyarta 6 har da masu masaukin baƙi uku, yankin Oceania 1. Ka haɗa, 46. Biyun da suka rage ba na kowa ba ne, ƙasashe shida daga nahiyoyi biyar ne aka tsara su yi kokawa a kansu. Don haka mai cewa "Afirka na da gurabe goma" tun kafin a yi wannan kokawa ya ci bashin da ba lallai a biya ba. Tara muke da su. Na goman dama ce kawai.

Su ma taran ba daga sama suka faɗo ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa raina ke ɓaci in na ji ana furta kalmar sakaka. A gasar 1966 ta Ingila ƙasashe 16 ne suka buga. Turai ta kwashi goma, Kudancin Amurka huɗu, Meksiko ta ɗauki na yankinta, sai gurbi ɗaya tilo da FIFA ta jefa wa Afirka da Asiya da Oceania su raba. Nahiya guda, wadda ƙasashenta ke ta karɓar 'yancin kai a lokacin, ba a ga ta isa ko rami ɗaya nata na kanta ba. Ohene Djan, daraktan wasannin Ghana a zamanin Kwame Nkrumah, da Yidnekatchew Tessema na Habasha suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata suka ce ba za a lamunta ba. Ƙasashen Afirka 15 da suka shiga neman gurbin, har da Najeriya, duk suka janye. Ghana ce fa ke riƙe da kofin Afirka a 1963 da 1965, ita ce ta fi kowa asara, amma ta haƙura. Koriya ta Arewa ta doke Ostireliya ta shige wannan gurbi, ta je Ingila ta fitar da Italiya, sai da Eusebio, haifaffen Mozambik da ke buga wa Fotugal, ya zura mata huɗu sannan aka tsayar da ita. Ɗan Afirka ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da aka hana Afirka kujera.

Ƙauracewar ta yi aiki. A 1970 aka ware wa Afirka gurbinta, Maroko ta ɗauka bayan zagayen ƙarshe da ta yi da Najeriya da Sudan. Ya zama biyu a 1982, uku a 1994 bayan Kamaru ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 1990, kuma a wannan ukun ne Najeriya ta fara leƙa gasar. A 1998 ya koma biyar, ya tsaya a nan har 2022, in ka cire 2010 da Afirka ta Kudu ta shiga a matsayin mai masauki. Har yanzu ni ban ga adalci a rabon ba. Kudancin Amurka ƙasashe goma ne, shida na wucewa kai tsaye. Mu 54 ne, tara ke wucewa. Za a ce ai su sun sha ɗaukar kofin, kuma haka ne, amma wanda ba a bari ya shiga fage ba yaushe zai koyi kayar da wani? Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Ƙatar da gurabe biyar ɗin nan.

Mu dawo Uyo. An raba ƙasashen Afirka rukuni tara, wadda ta zo ta ɗaya a kowane rukuni ita ce mai gurbi. A rukunin Najeriya, Afirka ta Kudu ce ta ɗauka da maki 18, duk da ukun da FIFA ta zaftare mata saboda ta saka Teboho Mokoena a wasan Lesotho alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka haramta masa buga wasan. Najeriya ta ƙare da 17, kuma wanda ya tuna maki uku kacal ta haɗa a wasanninta huɗu na farko ya san inda gizo ya yi saƙa. Abin da cin Benin ya ba ta shi ne shiga sahun ƙasashe huɗu mafiya maki cikin waɗanda suka zo na biyu. Izinin shiga wata fafatawa ne, wadda wanda ya ci ta zai sake samun izinin shiga wata. Hausawa sun riga sun gama magana a kan irin wannan: gurbin ido ba ido ba ne.

Ko shiga sahun huɗun ma da ƙyar da jiɓin goshi aka yi shi. Eritiriya ta janye tun kafin a fara, rukuninta ya zama na ƙasa biyar, sai aka ce don a daidaita za a goge sakamakon da kowace ta biyu ta samu a kan ta ƙarshen rukuninta. Burkina Faso ta tara maki 21, aka cire shidan da ta samu a kan Jibuti, ta dawo 15. Najeriya kuwa kunnen doki ta yi da Zimbabwe gida da waje, biyu kawai aka cire mata, ita ma 15. Mena ta Nijar, wadda ke cikin rukunin Maroko mai ƙasa biyar, ta zo ta biyu da nata 15 ɗin. Rarar ƙwallaye ce ta raba su, kuma ƙwallo ta huɗun da Frank Onyeka ya ci ana dab da tashi ita ce ta ɗora Najeriya a kan Burkina. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da hujjar jin zafi, ƙungiyarsu ta yi abin a yaba.

Sai "cike gurbi", inda ruɗanin ya fi yawa. Mun san kalmar tun a aji, malam ya bar fili a jimla ya ce a cike gurbi. Mun san ta a siyasa: ɗan majalisa ya rasu ko ya sauka, a yi zaɓen cike gurbi, wanda ya ci a rantsar da shi ya zauna. A duka biyun, da zarar an cike an gama. Haka wasan Najeriya da Ghana na Maris ɗin 2022 yake: aka tashi babu ci a Kumasi, aka yi 1-1 a Abuja, Ghana ta wuce Ƙatar da ƙwallon da ta ci a waje. Wannan cike gurbi ne na gaskiya. Masu sauraro suka riƙe wannan ma'ana, kuma ba su yi laifi ba. Amma wasannin da ƙasashe huɗun nan suka buga a Rabat cikin Nuwamban 2025 ba su cike komai ba. Turawa na da kalma ɗaya da suke jibga wa duk irin waɗannan wasanni, mu kuma muka ɗauko fassara ɗaya muka liƙa mata ba tare da duba ko ta zauna ba. Na Rabat zagayen tankaɗe ne, na fitar da wakilin Afirka. Na watan Maris ɗin 2026 a Meksiko, inda aka tsara ƙasashe shida su nemi ramuka biyun da suka rage, shi ne ya cancanci sunan cike gurbi.

"Share fage" kuwa a bar shi inda ya dace. A fagen dambe da kokawa yara ke share fage kafin manya su fito, ba wanda ke rasa kambunsa a nan. Wasan da zai iya hana ƙasa zuwa Kofin Duniya na shekara huɗu ya wuce share fage. A kira wasan sada zumunta da wannan suna, ba zan ce uffan ba.

Ranar 13 ga Nuwamba Najeriya ta ci Gabon 4-1 bayan ƙarin lokaci, Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Kamaru da ci ɗaya mai ban haushi. Washegari dattijon nan ya sake tare ni, amma wannan karon tambaya ya yi: "Ɗana, saura nawa?" Na ce masa, "Baba, saura Kongo ranar Lahadi, in an wuce ta kuma sai Meksiko." Ya yi shiru, ya ce ashe tafiyar da nisa. Ranar Lahadin, 16 ga wata, Onyeka ya fara ci, Meschack Elia ya farke, aka tafi bugun fenariti Kongo ta yi nasara 4-3. Da safe na ji an ce a rediyo Kongo "ta ƙwace gurbin Najeriya". Najeriya ba ta da gurbin da za a ƙwace, ita ma Kongo a daren ba ta samu ba, wakilcin Afirka a Meksiko ta samu.