Hanyoyin auna iskar metan da shanu ke fitarwa

Metan iska ce da ƙananan halittu ke samarwa a tumbin saniya yayin da suke narka ciyawa. Galibinta a gyatsa take fita, ta baki da hanci, ba ta dubura ba kamar yadda ake zato. A tsawon shekara 100, zafin da take riƙewa a sama ya ninka na iskar CO2 kusan sau 28. Asara ce kuma ga mai dabba, don kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da saniya ta ci a nan yake salwanta.

Ɗakin numfashi shi ne ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi. Ana rufe saniya ciki kwana ɗaya zuwa uku, ana auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. Lissafinsa daidai ne, amma yana da tsada, kuma dabbar da ke kulle ba ta ci yadda ta saba. Cibiyar Mazingira ta ILRI, hukumar binciken dabbobin kiwo ta ƙasa da ƙasa, a Nairobi tana da irin waɗannan ɗakuna. Sai dai sakamakon saniyar da aka ajiye wa abinci a gabanta ba zai bayyana halin jan sa na Bororo da ke yini yana bin ciyawa tsakanin Tanut da Gure ba.

Don dabbar da ke kiwo a fili ne masana na jami'ar jihar Washington a Amurka suka fito da hanyar SF6, wata iska da ake amfani da ita a matsayin alamar awo, a 1994. Ana ɗura wa saniya ɗan bututun ƙarfe, ya zauna a tumbi yana sakin SF6 a ƙimar da aka riga aka sani. A rataya mata gwangwani a wuya, da siririn tiyo da ya sauko daf da hanci yana zuƙar numfashinta dare da rana. Daga yawan SF6 da metan a gwangwanin ake fitar da lissafi. Tiyon yakan toshe da ƙura ko ruwan sha, ƙaya ta tsinke shi, dole kuma a kama dabbar kullum a sauya gwangwani. Wanda ya taɓa riƙe ƙahon san Bororo ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

GreenFeed, na kamfanin C-Lock, akwati ne mai sakin ɗan abinci. Saniya ta tura kai ta ci na ƴan mintuna, na'ura ta auna. Sai an tara ziyara da yawa, safe da dare, kafin adadin ya zama abin dogaro, wasu dabbobin ma ba sa yarda su kusance shi. Ya fi dacewa da shanun turke. Na'urar leza ta hannu, wadda ake haska wa hancin dabba daga nesa kaɗan, ita ce mai sauƙin ɗauka, amma kaurin iskar a lokacin kawai take nunawa, ba yawanta a yini ba, kuma iskar hunturu na ɓata karatunta.

Inda babu awo, ƙiyasin IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ake bi. A ƙa'idojin 2006, mataki na farko ya ba kowace saniyar Afirka da ba ta tatsa ba kilo 31 na metan a shekara. Mataki na biyu yana duba nauyinta da abin da take ci, wanda a Damagaram ke sauyawa daga ɗanyar ciyawar damina zuwa karan gero da harawa a rani, har ramar bazara. Awon da aka yi a lokaci ɗaya na shekara ba ya isa a ninka shi zuwa wata 12.