Canjin kuloci a tsohuwar Subaru WRX mai turbo: tambayoyi da amsoshi

Wace WRX ake magana a kai?

Impreza WRX ƙirar 2002 zuwa 2005 ta kasuwar Amurka, mai injin EJ205 na lita 2 da giya biyar ta hannu. Ƙarfinta doki 227, kuma ƙafafunta huɗu duk suna ja. Wanda ke da ƙirar 2006 ko bayanta ya lura, nan injin ya koma lita 2.5, kulocin ma ya sauya tsari, don haka ba duk abin da ke ƙasa ne zai dace da tasa ba.

Ta yaya za a tabbatar kulocin ne ya cinye?

A hau titi mai sarari, a sa giya ta huɗu ko ta biyar injin yana tafiya a hankali, sai a taka totur har ƙasa. Kafin turbo ya cika, mota za ta ja lafiya lau. Da zarar ya cika, wajen juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti, in allurar injin ta yi tsalle sama amma gudun mota bai ƙaru ba, faifan kuloci yana zamewa. Shi ya sa mai irin wannan mota zai yi watanni yana yawo cikin gari bai san kulocinsa ya kusa tafiya ba: a ƙananan giya ba a ɗora masa nauyin da zai tona asirinsa.

Amma in giya ce ke ƙin shiga, ko feda ta yi laushi tana kwanciya a ƙasa, kada a yi gaggawar sauke giyabos. A fara duba man kuloci, da famfon da ke kan feda, da ƙaramin famfon da ke kan giyabos. Yoyo ko iska a cikin bututu aikin awa ɗaya ne.

Me ya sa makanikai da yawa ke maƙalewa wajen raba giyabos da inji?

Nan ne tarkon motar yake. A yawancin motoci, idan an taka feda, boris ɗin kuloci yana tura yatsun murfin kuloci, wato murfin da ke matse faifai, ciki. A wannan WRX jawo su yake yi waje, saboda haka boris ɗin a maƙale yake da murfin ta wani zobe mai kullewa, gwafar da ke motsa shi kuma tana riƙe a jikin giyabos. Ko an kwance kowane noti, giyabos zai ja baya ɗan kaɗan ya tsaya cak. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko ƙarfe ya fara banƙara, ƙarshenta ya lanƙwasa gwafa ko ya tsaga gidan kuloci, wanda alminiyam ne.

Abin yi shi ne a cire sitata da ƙaramin famfon kuloci. A gefen giyabos, kusa da mazaunin sitata, akwai toshe da ake kwancewa da alanki mai lamba 10. A bayansa sandar da gwafa ke juyawa a kai take, kuma bakinta yana da tiredi. A ɗaura mata dogon noti M6, a jawo ta waje da shi, sannan a ɗaga gwafar sama ta saki boris. Shi boris zai zauna a jikin murfin kuloci, giyabos ya fito salin alin.

Kafin a kai nan, me da me ake kwancewa?

Daga sama: kan batir, intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa) da ke zaune a kan inji, ƙarfen da ke hana inji rangaji gaba da baya, wayoyin da ke shiga giyabos. Daga ƙasa: a tsiyaye man giya, a sauke bututun salansa da ya fito daga turbo, da furofela, da sandunan liba, da shaf biyu na ƙafafun gaba. Notunan bayan turbo sun sha wuta shekara da shekaru, a jiƙa su da man kwance tsatsa tun daren jiya, in ba haka ba ɗaya zai karye ya ƙara wa aikin yini guda.

A ƙirar farko, shaf ɗin gaba fin ne ke riƙe shi a jikin giyabos, ana fitar da shi da fanci. A yi alama kafin a zare, domin ramin ta fuska ɗaya kawai yake daidaita. In aka juya shi rabi, za a ga kamar ya yi, fin ya shiga ya maƙale a tsakiya.

Wani abu kuma: nauyin giyabos ne ke riƙe injin a daidai. Yana sauka, injin sai ya sunkuya gaba, kuma leɓen gidan kuloci yakan kama jikin turbo. A tallafi gaban injin da jak da katako don ya ɗan kwanta baya, wajen fitarwa da wajen mayarwa duka. Giyabos ɗin ya haura kilo 50, ba abin da za a tara da ƙirji ba ne, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita.

Faifan kawai za a canja, ko duka?

Duka: faifai, murfi, boris, da ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar fulawil, wato babban farantin ƙarfe na bayan inji da faifan kuloci ke mannewa a kai. Tsadar aikin nan a sauke giyabos take. Wanda ya bar tsohon boris don ya rage 'yan kuɗi, ranar da ya fara kuka zai sake biyan aikin daga farko.

Fulawil a dube shi da kyau a haske. Tabo shuɗi-shuɗi alamar zafi ne, irin wannan a kai a share fuskarsa a inji, muddin bai wuce iyakar kaurinsa ba. In farce yana kamawa a tsaga, a sayi sabo. Ɗora sabon faifai a kan ƙonannen fulawil shi ke kawo karkarwar nan lokacin tashi.

An cire fulawil an tarar da baƙin mai. Sil ɗin karanshaf ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. A bayan injinan EJ akwai wani faranti da ke rufe mararrabar mai da iska, a wasu tsofaffin na roba ne, yakan tsage ko gam ɗinsa ya saki. A ɗaya gefen akwai ƙaramin murfi mai zoben roba, shi ma yana yoyo. A wanke wurin, a bi sawun man daga sama a ga inda ya taso. Farantin a canja shi da na ƙarfe a sa sabon gam. Sil ɗin karanshaf kuwa, in a bushe yake gara a ƙyale shi, domin sabon da aka buga a karkace ko aka zurfafa shi ya fi tsohon saurin yoyo.

Yaya ake ɗaurewa?

Notunan fulawil takwas ne, ana ɗaure su da ƙarfin Nm 72 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Na murfin kuloci shida, Nm 16 kacal, wato hannu mai nauyi zai iya tsinke su. A yi aiki da sifana mai awo, a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don murfin ya zauna daidai. Kafin nan a goge fuskar fulawil da ta murfi da abin wanke birki, sababbi suna zuwa da man hana tsatsa. A duba rubutun da ke nuna fuskar faifan, a saita shi tsakiya da sandar saiti. Giris a haƙoran shaf shafa ɗaya ya isa, in ya yi yawa zai fantsama kan faifai.

Wajen mayarwa, boris da gwafa da sandarta a jikin giyabos ake haɗa su tukuna, tsagar bakin sandar ta hau kan fin ɗin da ke ciki. Giyabos ya shiga da hannu har ya manne da inji, ba a jawo shi da notuna. Sannan a tura kan gwafar baya, akasin inda famfo ke tura ta, har a ji ƙas, boris ya kulle. A ja a gani ko ya kama kafin a mayar da sauran kaya. Man giya 75W-90 GL-5, kimanin lita 3.5.

Tunda an buɗe, me zai hana a sa kulocin tsere?

In ba a ƙara wa injin ƙarfi ba, babu dalili. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tayoyinta ba sa zamewa idan aka fizge ta daga tsaye, duk bugun yana tafiya cikin kuloci da giyabos. Kulocin asali yakan ɗan zame ya shanye bugun. Mai cizo sosai yana miƙa shi ga haƙoran giya kai tsaye, kuma giya biyar ɗin nan ta yi suna wajen karya haƙori. Ga nauyin feda da fizga a cunkoso. Irin na kamfani, kamar na kamfanin Exedy, ya wadatar. Wanda ya ƙara turbo da gaske ya sa kulocin da ya fi na asali ƙarfi da mataki ɗaya kawai, mai cikakken faifai da sifirin a tsakiya.

An gama. Sai a taka?

Tukuna. Masu ƙera kuloci galibi suna so a yi kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari, tashi da tsayawa, ba fizga, ba cika turbo a babbar giya. Doguwar tafiya a giya ta biyar ba ta shiga lissafi, tunda ba a taɓa feda. Ɗan ƙauri a kwanakin farko ba komai ba ne, amma in ya zame ko giya ta ƙi shiga, a cire iska daga man kuloci a duba saitin feda kafin a zargi sabon faifan.