Wanda ya sha Laroxyl fiye da kima, ku daina ɗura masa nono

Iyayena mata, ƴan uwana maza, abu guda ne yake ta maimaituwa a garin nan. Mutum ya sha maganin ciwon damuwa irin su Laroxyl fiye da kima, ko yaro ya tsinci kwalin maganin kakarsa, sai a tallabe shi a ɗura masa nono ko man gyaɗa, a zura masa yatsa a maƙogwaro wai ya amayar. Don Allah ku bari!

Amitriptyline, wanda ake saye a farmasi da sunan Laroxyl, da ƴan uwansa Anafranil da Tofranil, barci mai nauyi suke saukarwa. Mai gyangyaɗi kuwa ba ya iya haɗiya daidai, nonon da aman duk huhu suke gangarawa. Haka ake kawo mana shi asibiti, ga guba a jini, ga nono a huhu. Nono ba ya karya wannan guba, ko ƙwarya guda ya shanye.

Kada kuma hirar da yake yi da ku ta ruɗe ku. Kafin awa guda yana iya fara jijjiga. Baki ya bushe, baƙin ido ya buɗe, jiki da zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita, zuciya tana gudu. Awa 6 na farko su ne abin tsoro.

A ɗakin kulawa ta musamman, awon zuciya na ECG muke fara yi. Idan faɗin QRS (wani ɓangare na zanen bugun zuciya da awon yake fitarwa) ya wuce milisakan 100, ruwan maganin bikarbonat ake sawa ta jijiya. Idan yana jijjiga a ba da diazepam, maganin tsayar da ita, idan numfashi ya raunana a sa tiyo ta maƙogwaro a haɗa da injin numfashi. Akwai gawayin asibiti (ba na murhu ba), gram 50 ga babba, mai kama maganin tun yana ciki, amma amfaninsa ya fi yawa a awar farko. Awar nan ce fa kuke ɓatawa wajen neman nono gidan maƙwabta.

Na san tausayi ne yake sa ku. To ga inda za ku kai tausayin:

- Kada a ba shi komai ta baki.
- A kwantar da shi a gefen hagu.
- A kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko a sa shi a mota ko adaidaita, ba kabu-kabu ba, sai babban asibitin Maradi.
- A taho da kwalin maganin, a faɗi lokacin da ya sha.
- Idan da gangan ya sha, ku faɗa mana, ba faɗa yake buƙata ba. Kada a bar shi shi kaɗai, sauran magungunan gidan kuma a kulle su.