Wa ke riƙe da makarantun gwamnati a Amurka? Tambaya da amsa kan hukumar gundumar makarantu

Yawancinmu in aka ce makarantar gwamnati a Amurka sai mu ɗauka daga Washington ake juya komai, alhali tsarin mulkinsu ko ambaton ilimi bai yi ba, jihohi aka bar wa, su kuma jihohin suka miƙa gudanarwar ga gundumomin makarantu wajen 13,000, kowacce da hukumarta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wai su waye wannan hukumar, kuma wa ya ɗora su?

Mutanen unguwa ne kawai. Galibi mutum 5 ne ko 7 ko 9, ana sa adadin mara ne don kar ƙuri'a ta yi kunnen doki. Za ka samu lauya, nas, mai shago, malamin da ya yi ritaya, uwar da 'ya'yanta ke makarantar. Mafi yawansu zaɓensu ake yi, wa'adi yawanci shekara 4, kuma a yawancin jihohi ba a sa sunan jam'iyya a takardar zaɓen duk da kowa ya san inda kowa ya dosa. Da yawa ba su da albashi sai ɗan alawus na zama, wasu ma ko sisi babu, da rana suna wajen aikinsu da daddare su zo mitin.

Ba ko'ina ake zaɓe ba. Birnin New York tun 2002 magajin gari ne ke riƙe da makarantu. Shikago ma haka take tun 1995, sai a 2024 aka fara zaɓen wasu daga cikin mambobin. Hawai kuwa duk jihar gunduma ɗaya ce, gwamna ke naɗa hukumar.

To kamar SUBEB ɗinmu kenan?

Da kama amma ba ɗaya ba. SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha a Najeriya, gwamna ne ke naɗa ta kuma kuɗinta daga sama yake saukowa. Kwamitin SBMC na iyaye da 'yan unguwa shi kuma yana kusa da jama'a amma ba shi da ikon ɗaukar malami ko ya sa haraji. Ita ta Amurka ta haɗa biyun, kusa take da jama'a kuma a jihohi da yawa tana da ikon tsayar da harajin da masu gidaje za su biya, gwamnati ce ƙarama mai zaman kanta.

Mamba zai iya shiga makaranta ya ba firinsifal oda?

Ina! Nan ne mutane suka fi yin kuskure, har da sababbin mambobin kansu. Mamba shi kaɗai ba shi da wani iko, ikon yana wajen hukuma ne in ta zauna a zaman da aka sanar, adadin da ake buƙata ya cika, aka kaɗa ƙuri'a. Da an tashi daga zaman shi ma ɗan gari ne kamar kowa. In uba ya kira shi a waya yana ƙorafin an ba ɗansa sifiri, abin da ya kamata ya yi shi ne ya tura shi wajen malamin, in ba a daidaita ba firinsifal, in abin ya ƙi sai ofishin gunduma.

A zahiri ma mutum ɗaya ne hukumar ke ɗauka aiki kai tsaye ta kuma sa masa ido, shi ne sufuritanda, wato shugaban gundumar. Ita ke nemo shi, ta rubuta masa kwantiragi, ta sa masa abin da take so ya cimma, misali yara 'yan aji uku su iya karatu ko a rage masu fashin zuwa makaranta, duk shekara ta auna shi, in bai yi ba ta sallame shi. Sauran ma'aikata duk ƙarƙashinsa suke, shi zai kawo sunayen waɗanda za a ɗauka hukuma ta amince. Sai kuma dokokin gunduma, ita ke rubuta su: ladabtar da ɗalibi, riƙe waya a aji, yadda ake ba da kwangila, littattafan da za a saya, amma dai duk a cikin iyakar da dokar jiha ta shata, manhajar da jarabawar ƙarshen shekara galibi jiha ce ke tsara ma'auninsu.

Kuɗin daga ina suke zuwa?

Kashi uku ne. Gwamnatin tarayya ita ce mafi ƙarancin kaso, wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka a shekarun da ba na korona ba, kuma kuɗinta da sharaɗi yake zuwa, wani na yaran talakawa ne ƙarƙashin dokar 1965, wani na yara masu buƙata ta musamman ƙarƙashin dokar 1975, wani na abincin rana, ba ka isa ka ɗauka ka gina filin ƙwallo da shi ba. Sauran kuɗin jiha da gunduma ne ke rabawa kusan daidai, na gunduma kuma yawanci harajin gidaje da filaye ne.

Kaga matsalar ai. Unguwar da gidajenta ke da tsada ko ta sa haraji kaɗan za ta tara kuɗi masu yawa, ta talakawa kuwa ko ta matsa wa mutane ba za ta kamo ta ba. Iyayen gundumar Edgewood a San Antonio ta jihar Texas sun kai wannan magana har kotun ƙoli, a 1973 alƙalai 5 cikin 9 suka ce tsarin bai saɓa wa kundin tarayya ba. Tun daga nan faɗan ya koma kotunan jihohi, kuma har yau ba a gama ba. Shi ya sa in Ba'amurke zai sayi gida ko ya kama haya tambayarsa ta farko wace gunduma ce gidan ya faɗa, don adireshinka ne ke yanke makarantar ɗanka.

Ba kowace hukuma ce ke da ikon haraji ba fa. A jihohi irin Virginia da Maryland sai dai ta tsara kasafinta ta kai wa majalisar ƙaramar hukuma ko ta birni ta roƙa.

Yaya ake yin bajet ɗin?

Shekarar kuɗi a mafi yawan gundumomi daga 1 ga Yuli take farawa. Ofishin sufuritanda ne ke tsara daftari, a kawo wa hukuma, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a yi gyara, a kaɗa ƙuri'a. Sai dai wurin motsi kaɗan ne, don wajen kashi 80 na kuɗin albashi ne da fansho da inshorar lafiyar ma'aikata, kuma wannan an riga an ƙulle shi a yarjejeniyar da aka sa wa hannu da ƙungiyar malamai ta shekara biyu ko uku. To gaskiya ranar da aka amince da wannan yarjejeniyar ita ce ranar da aka yi bajet na gaske, sauran duk cike gurbi ne.

A jihar New York, ban da manyan biranenta biyar, jama'a da kansu ke fita su kaɗa wa bajet ƙuri'a ranar Talata ta uku a watan Mayu. In ya faɗi sau biyu shikenan, gunduma ba za ta ƙara haraji ba a shekarar, sai a fara yanke wasanni da sayen kaya. Gina sabuwar makaranta kuma lissafinsa daban, bashi ake ci ta hanyar sayar da takardun lamuni a biya cikin shekara 20 ko 30, kuma a wurare da yawa sai masu zaɓe sun yarda. A Kalifoniya sai an samu kashi 55 cikin 100 na ƙuri'un.

Wa ke dubawa kar a cinye kuɗin?

A takarda komai ya yi kyau. Duk shekara ana kawo odita daga waje, duk wata ana ba mambobi rahoton abin da ya shigo da wanda ya fita, kwangila in ta wuce wani adadi dole a tallata a yi takara, mamban da ɗan'uwansa ke neman kwangilar dole ya bayyana ya janye daga ƙuri'ar. Amma akwai wani rauni da ni a ganina shi ne ƙashin bayan duk maganar nan: duk takardar da mambobi za su karanta don su sa wa sufuritanda ido, ofishin sufuritandan ne ya shirya ta. Mutum ya taso daga aiki a gajiye an miƙo masa shafi 300, ga wanda ya rubuta a zaune kusa da shi yana murmushi, ga sakamakon jarabawar yara yana kyau, wa zai so ya zama mai tada zaune tsaye.

Abin da ya faru a Roslyn kenan, wata gundumar masu kuɗi a Long Island ta jihar New York. Makarantunta na cikin waɗanda ake ji da su a ƙasar, sufuritandanta Frank Tassone kuwa kowa na yabonsa. A 2002 aka gano mataimakiyarsa mai kula da kuɗi ta kashe wajen dala 250,000 na gunduma a hidimar gidanta, har da kayan gini da aka yi ta saya da katin gunduma. Maimakon a kira 'yan sanda sai hukumar ta bi shawarar a rufa asiri, matar ta mayar da kuɗin ta ajiye aiki shiru, wai kar sunan makaranta ya ɓaci kar kuma bajet ya faɗi a zaɓe. Ashe mai ba da shawarar a rufa asirin, wato Tassone, shi ma hannunsa dumu-dumu. Da abin ya fashe a 2004 aka shigo da masu binciken jiha, suka ƙirga sama da dala miliyan 11 da suka zurare, kuɗin hayar gida a Manhattan, tafiye-tafiye a jirgi mai tsada, har kuɗin wankin kaya. Tassone ya tafi kurkuku, matar ma haka, shi kansa oditan da ke sa hannu duk shekara yana cewa lissafi lafiya lau sai da ya amsa laifi a kotu.

Bayan nan a 2005 jihar ta yi doka: kowace hukuma ta kafa kwamitin binciken kuɗi, a samu mai duba bauca, wato takardar neman biyan kuɗi, kafin a biya wanda hukumar yake kai wa rahoto kai tsaye ba sufuritanda ba, aikin odita na waje a sake tallata shi duk shekara 5, sabon mamba kuma ya yi horon awa 6 kan lissafi. Awa 6 dai, ga bajet na miliyoyin daloli.

Su bas da abinci da gyaran rufi fa, su ma hukumar ce?

Ba ita ke yi ba, ita ke amincewa. Kwangilar motocin yara, kamfanin abinci, inshora, sayen kwamfutoci, galibi ana tattara su cikin ajanda guda a amince da su da ƙuri'a ɗaya cikin minti biyu, sai dai in wani mamba ya ce a ciro masa lamba kaza yana da tambaya. Mamban kirki a nan ake gane shi.

Abubuwa biyu ne ke cika zaure maƙil: sauya iyakar unguwannin da kowace makaranta ke ɗauka, da rufe makaranta. A 2013 hukumar Shikago, wadda magajin gari Rahm Emanuel ya naɗa, ta rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, yawancinsu a unguwannin baƙar fata, kuma ɓacin ran wannan na cikin abin da ya ƙara zafin kiran a koma zaɓen hukumar. Kalandar shekara ma aikinta ne, wato hutun Sallah in za a bayar ta nan zai bi. A birnin New York magajin gari Bill de Blasio ne ya sanar da hutun Sallah biyu a 2015 tunda can shi ke da iko, a wasu gundumomin kuwa iyaye Musulmi ne suka yi ta zuwa mitin har aka sa a kalanda.

Kowa zai iya zuwa mitin ɗin?

E, dokar kowace jiha ta ce a buɗe za a yi. A Kalifoniya dole a kafe ajanda awa 72 kafin zama na yau da kullum, kuma mafi rinjayen mambobi ba su da damar haɗuwa a gidan wani ko a waya su gama magana kafin a zo. Za ka rubuta sunanka, a kira ka, a ba ka minti 2 ko 3 agogo na gudu a gabanka, kuma kar ka yi mamaki in ka gama ba wanda ya ba ka amsa sai "mun gode", don ba sa tattauna abin da ba ya cikin ajanda. Ana shiga ɗaki a rufe ƙofa ne kawai in maganar ma'aikaci ce, ko ladabtar da ɗalibi, ko shari'a, ko cinikin fili, ko ciniki da ƙungiyar ma'aikata.

In ita hukumar ce ta lalace fa?

Akwai zaɓe, duk da mutane kaɗan ne ke fita musamman in ba a haɗa shi da babban zaɓe ba, ƙuri'a 'yan ɗaruruwa na iya ba mutum kujera. Wasu jihohin suna da kiranye. A Fabrairun 2022 mutanen San Francisco sun tsige mambobi 3, babban ƙorafin shi ne ajujuwa na rufe saboda korona su kuma suna can suna ta faman sauya wa makarantu 44 suna, har da masu sunan tsofaffin shugabannin ƙasa Lincoln da Washington.

Jiha ma na iya ƙwace gundumar gaba ɗaya. A 2023 hukumar ilimi ta Texas ta ture zaɓaɓɓiyar hukumar Houston, gunduma mafi girma a jihar, ta naɗa nata mutanen da sabon sufuritanda Mike Miles, ɗaya daga cikin dalilan shi ne sakandaren Wheatley da ta yi shekaru tana faɗuwa a ma'aunin jiha. Har yanzu ana jayayya a kai, wasu na nuna makin jarabawa da ya tashi wasu na cewa an ƙwace musu ƙuri'arsu. Sai kotu: shahararriyar shari'ar Brown ta 1954 da ta haramta raba makarantun baƙi da farare, hukumar ilimi ta garin Topeka aka kai ƙara.

Ni ba ni da takardar zama ɗan ƙasa, ina da ta cewa?

Ɗanka dai yana da haƙƙin shiga makaranta ko da takardu ko babu, kotun ƙoli ta yanke wannan tun 1982. Kai ma za ka iya zuwa mitin ka yi magana, kuma gundumomi da yawa suna kawo tafinta in ka nema da wuri. Ƙuri'a ce sai ɗan ƙasa, ban da 'yan wurare ƙalilan irin San Francisco inda tun 2016 aka yarda iyayen da ba 'yan ƙasa ba su zaɓi hukumar makarantu kaɗai. In ba ka tabbatar garinku na cikinsu ba kar ka kuskura ka yi rajista, ko da wani ya miƙo maka fom a bakin shago ya ce ba komai, don wannan laifi ne da zai iya ɓata maka neman zama ɗan ƙasa har ya kai ga kora.