Ninkin zane a jikin sulalla

Ninkin zane kuskure ne da ke sa haruffa, lambobi ko hoton da ke jikin tsabar kuɗi su fito biyu-biyu, ɗaya na leƙowa ta gefen ɗaya. Masu tara tsofaffin sulalla sun kasa shi gida biyu, na ainihi da wanda girgizar inji ke haifarwa, kuma na ainihin ne kawai ke da daraja.

Asali

Na ainihi daga hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi yake farawa. A da, sai an danna uwar hatimi, wato ƙarfen da ke ɗauke da asalin zanen, a kansa fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna. Idan ya ɗan goce tsakanin dannawar farko da ta biyu, ninkin ya zauna ke nan, kuma duk sulen da aka buga da hatimin zai fito da shi iri ɗaya. Wanda ya fi shahara shi ne kwabon Amurka na 1955 mai hoton Lincoln, bugun Filadelfiya, wanda ninkinsa ke bayyane a shekarar da haruffan ko ba tabarau. An ƙiyasta cewa tsakanin 20,000 da 24,000 suka shiga hannun jama'a. An sake samun irinsa a 1969 da 1972. Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka koma dannawa sau ɗaya, sai kuskuren ya ragu.

Ganewa

Ana dubawa da gilashin ƙara girma ninki 5 zuwa 10, haske na zuwa ta gefe. A na ainihi, layukan biyu duk a tashe suke, harafin ya yi kauri, bakinsa a tsage. Wanda girgizar inji ta haifar kuwa a shafe yake kamar matakala, harafin ya sirance. Shi ne ya fi yawa, kuma ba ya ƙara farashi. Masana sun saɓa kan yawan rukunonin na ainihin.

A Kabi da Zamfara

Anini, ɗari, taro, sisi, sule da fataka na zamanin Turawa suna nan a adakar tsofaffi, wasu kuma a kitson matan Fulani, tun bayan da naira ta maye gurbin fam a 1973. Ƙaramin harafin H ko KN da ake gani a jikin wasu sulallan, tambarin masana'antun Birmingham ta Ingila ne, ba kuskure ba. Gogewa da toka ko lemun tsami, yadda aka saba da kayan ado, tana cinye bakin haruffan da ake dubawa.